Yadda ake auna hasken da ido ba ya gani daga fitilun gas

Wanda ke da doguwar fitilar nan da muke kira neyon a falonsa, mai yiwuwa ya taɓa ganin wannan da sanyin asuba na watan Janairu: an kunna fitila, an ɗauki telekomand, tele ta ƙi ji. A buga ta a tafin hannu, a juya pil, shiru. Bayan minti biyu ko uku sai ta kama aiki kamar ba ita ba. Sau da yawa pil ba shi da laifi. Fitilar ce, musamman mai balas (na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga fitila) na zamani wanda ba ya ƙugi, take fitar da wani haske da ido ba ya gani lokacin da take da sanyi, hasken kuma ya toshe wa tele kunne. Shi ne wanda ƴan lise ke kira infararuj, ni kuma a nan zan riƙa ce masa hasken bayan ja, domin a jerin launukan bakan gizo daga ja sai shi. William Herschel ne ya fara gano shi a 1800, da ya ajiye ma'aunin zafi a gefen ja, inda ido ba ya ganin komi, ya ga yana hawa.

Ana iya auna wannan haske a nan Damagaram da kayan da mafi yawansu ke kan teburin mai gyaran rediyo. Sai dai in faɗa maka tun yanzu: sa mita, wato na'urar awo, ta motsa ba wuya. Wuyar ita ce ka tabbatar cewa abin da ya motsa ta daga gas ɗin ya fito, ba daga rana ba, ba daga zafin waya ba, ba daga balas ba. Kusan rabin abin da ke ƙasa a kan wannan ne.

Abin da ke faruwa cikin bututun

Sunan neyon da muke ba doguwar fitila aro ne, babu neyon a cikinta. Abin da ke ciki argon ne ɗan kaɗan da ɗigon zaiba. Iskar da muke shaƙa matsinta ya kusa miliba 1000, na cikin bututun kuwa bai wuce miliba uku ko huɗu ba. Da yake gas ɗin ba shi da cunkoso, elektaron na samun filin gudu kafin ya yi karo da wani atom, kamar mai babur a hanyar da babu kowa. In ya yi karo da ƙarfi sai atom ɗin ya karɓi ƙarfin, can kuma ya sake shi a matsayin haske. Kowane gas da tsawon igiyar da yake fitarwa, kamar yadda kowace tashar rediyo ke da mitar da ake kama ta. Ido yana gani daga wajen nanomita 400 zuwa 700 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Argon kuwa manyan layukansa suna 750, 763, 811, 842 da 912, duk sun wuce inda ido ya tsaya ko suna bakin iyaka. Zaiba na da layi ɗaya mai ƙarfi a 1014. Telekomand tana magana a 940. Ka ga inda rigimar ta samo asali.

Mataki na farko: zaɓi fitila, ka kuma san abin da zai iya kashe ka

Fara da doguwar fitila mai tsohon balas na ƙarfe da sitata, wadda ke ɗan ƙiftawa kafin ta kama. Yanzu masu LED sun cika kasuwa, kuma da ido suna kama da juna, saboda haka ka duba: ta gas gilashi ce, kuma in ta tsufa bakinta biyu kan yi baƙi. Ta LED ba ta da amfani a wannan aiki.

Neyon na gaskiya yana cikin ƴar ƙaramar fitilar nan mai ruwan lemu da ke cikin madannin miltipiriz da cikin turnabis na gwajin wuta. Tana kamawa a wajen bolt 90, tana jan abin da bai kai miliampiya ɗaya ba. Layukanta na bayan ja suna 837, 849, 865 da 878. Ba sai ka buɗe miltipiriz ɗin ba, jan robar da ke rufe da ita tana barin wannan haske ya wuce.

In kuma kana da hanyar shiga labo na lise ko na Jami'ar André Salifou, ka tambaya ko akwai bututun Geissler, siraran nan masu ƙugu a tsakiya da aka rubuta wa sunan gas. Heinrich Geissler ya fara ƙera irinsu a Jamus a 1857. Su ne mafi tsabta, domin ba su da farin garin da ke shafe cikin doguwar fitila. Amma na'urar da ke kunna su tana fitar da kusan bolt 5000. A kashe kafin a taɓa bututu, a kunna na daƙiƙa talatin a huta talatin, hannu ɗaya a aljihu, ƙafa cikin takalmin roba a busasshen daɓe. Wani zai ba ka shawarar ka ciro taransifoma daga tsohon murhun mikro'ond ka yi naka. Kada ka saurare shi. Tana ba da bolt 2000 da ƙarfin da ba ya barin mutum ya yi kuskure na biyu. In doguwar fitila ta fashe, a buɗe tagogi a fita na ɗan lokaci saboda tururin zaiba, a kwashe da kwali, ba da hannu ba.

Mataki na biyu: idon da zai gani

Abin da kake nema shi ne fotodiyod na silikon, ɗan abin da ke mai da haske wutar lantarki. Wanda aka fi sani BPW34 ne, ɗan murabba'i mai ƙafa biyu, fuskarsa milimita murabba'i 7.5. Yana gani daga wajen 430 zuwa 1100, ya fi kaifi kusa da 900, daidai inda layukan argon da neyon suke. In babu shi a Kasuwar Dole, masu zuwa Kano na iya samo maka a Sabon Gari. Ka rubuta musu lambar a takarda, kada ka dogara da faɗa da baki.

Akwai tarko a nan. Mai gyara zai miƙo maka baƙin abin nan mai ƙafa uku da ke karɓar saƙon telekomand a gaban tele, ya ce ai shi ne. Ba shi ba ne. Wannan an ƙera shi ya saurari abin da ke ƙiftawa kusan sau 38,000 a daƙiƙa kawai, yana kuma rage jinsa da kansa in haske ya yi yawa. Amsarsa i ko a'a ce, ba ya ba da adadi. Kai mai ƙafa biyu kake so.

Mataki na uku: matata

Fotodiyod ɗin yana ganin farin haske ma, kuma farin hasken fitilar ya ninka na bayan ja sau da yawa. Dole a tare shi. Masu ɗaukar hoto suna da gilashin R72, wanda ke fara buɗewa a 720. Yana aiki, amma farin garin fitilun zamani na da wani layi ja mai duhu kusa da 710 da kan ɗan sulale ta cikinsa, don haka in ka sami RG780 ko RG850 ya fi. In duk babu, nemi tsohon fim na hoto mai kala a wajen tsofaffin masu sitidiyo, ka yanki baƙin bakin nan da haske ya ƙone aka kuma wanke, ka ninka biyu ko uku. Baƙar robar da ke gaban telekomand ko gaban dikoda ita ma matata ce, an yi ta ne don wannan.

Gwada ta kafin ka amince. Haska mata farar tocilar LED: bai kamata mita ta motsa ba sai ɗan kaɗan, domin farin LED kusan ba shi da hasken bayan ja. Sannan danna telekomand ta cikinta: ya kamata mita ta yi tsalle. Matatar da ta faɗi gwaji na farko a ƙara mata ninki, wadda ta faɗi na biyu a jefar.

Mataki na huɗu: ƙara masa murya

Wutar da fotodiyod zai bayar ƙanƙanuwa ce, sau da yawa ba ta kai mikro'ampiya ɗaya ba, miltimita ta kasuwa ba za ta nuna ta da kyau ba. Sai a mai da ita bolt da TL072, ɗan abu mai ƙafa takwas da ke ƙara ƙarfin sigina, wanda ke cikin tsofaffin amfili da yawa. Ga haɗin: ƙafa ta 8 zuwa ga tabbataccen pil mai bolt 9, ƙafa ta 4 zuwa ga korarren wani pil ɗin mai bolt 9, inda pil biyun suka haɗu shi ne mas. Ƙafa ta 3 ta tafi mas. Katod na fotodiyod ya shiga ƙafa ta 2, anod ya tafi mas. Tsakanin ƙafa ta 2 da ta 1 ka sa rezistans mai mega'om ɗaya, a gefenta kondansatar mai pikofarad 10. Miltimita tana tsakanin ƙafa ta 1 da mas. TL072 gida biyu ne, rabin da ba ka amfani da shi kada ka bar shi a sake: haɗa 6 da 7, ka kai 5 mas. In mita ta nuna alamar ragi lokacin da haske ya shiga, ka juya fotodiyod ne, babu abin da ya lalace.

Lissafinsa mai sauƙi ne: mikro'ampiya ɗaya ta bi ta mega'om ɗaya, bolt ɗaya ke nan. In siginar ta yi rauni, kamar ta ƙaramar neyon, sai a koma mega'om 10 a rage kondansatar. Yi amfani da pil, ba caja ba, domin caja na shigo da hayaniyarta.

Dukan haɗin ya shiga gwangwanin madara na ƙarfe, gwangwanin kuma a haɗa shi da mas. A huda rami ɗaya a gaba, a liƙa guntun tiyo mai tsawon santimita 10 zuwa 15, a shafe cikinsa da baƙin hayaƙin fitilar kananzir ko fenti baƙi marar ƙyalli, matata a gindin tiyo daf da fotodiyod. Tiyon shi ne zai sa na'urar ta kalli wuri ɗaya tak, kamar wanda ke leƙe ta kafar ƙofa. Bayan ka gama walda ka wanke allon da alkol. Ƙurar hunturu in ta zauna tsakanin ƙafa ta 2 da maƙwabtanta, damina ta zo ta jiƙa ta, sai ta zama wata rezistans da ba kai ka sa ba.

Mataki na biyar: awo huɗu kafin ka yarda da ɗaya

Yi aikin da dare. Kusan rabin ƙarfin hasken rana a ɓangaren bayan ja yake, kuma ranar garin nan ta sami huda guda a kwano ko tsaga a taga ta ishe ta ta fi fitilarka. Labule ba ya tare ta. Tsohuwar ampul mai zare ita ma a kashe, ta fi kowa fitar da wannan haske.

A nan na taɓa shan kunya. Ina nuna wa ƴan aji, na rufe bakin tiyo da baƙar leda ninki biyu na ce musu ga duhu, mu rubuta sifiri. Mita ta ƙi sauka. Na canza TL072, na sake walda, ina ta zufa. Wata yarinya daga baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ko ledar ce ba ta rufe ba?" Na ɗauki marfin gwangwani na kara, mita ta faɗi nan take. Abin da ya yi baƙi a idonka ba lalle ya yi baƙi a idon silikon ba. Leda, baƙin yadi, wasu robobi, duk suna iya zama kamar taga gare shi. Tun ranar ƙarfe kawai nake rufewa da shi, ko takardar alminiyom.

To, kafa bakin tiyo yana kallon tsakiyar fitila, a tazarar da ka auna da tef, a ce santimita 20, ka ɗaure komi da sikoc don kada ya gusa. Awo na farko: fitila a kashe, baki a rufe da ƙarfe. Wannan kuskuren na'urar ne da kanta, kuma yana canzawa da zafi, domin ƴar wutar da ke yoyo a mashigar TL072 tana ninkawa duk lokacin da zafi ya ƙaru da kusan digiri 10. Sifirin da ka ɗauka da asuba ba zai yi maka aiki da la'asar ba. Na biyu: fitila a kashe, baki a buɗe. In ya fi na farko, akwai hasken da ke shigowa ɗakin, ka nemo shi. Na uku: fitila a kunne, baki a rufe da ƙarfe. Wannan shi ne wanda mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ke tona asiri. In mita ta motsa alhali haske ba ya shiga, balas ne ke yi wa haɗinka raɗa ta iska. Ka gyara haɗin gwangwani da mas, ka gajarta wayoyi, ka nisanta da balas. Na huɗu: fitila a kunne, baki a buɗe. Abin da kake nema shi ne na huɗu a cire na biyu, da sharaɗin na uku ya yi daidai da na farko.

Yanzu ka zame na'urar a hankali zuwa bakin fitila. Za ka iya ganin adadi ya ƙaru a can. Kada ka yi murna, ba argon ne ya ƙaru ba. A kowane baki akwai zaren tungustan da ke yin ja don zafi, kuma hasken zafi ne yake bayarwa, irin na garwashi. Bambancinsu yana fitowa in an kashe: hasken gas yana ɗaukewa nan take, na zare yana dusashewa a hankali. Shi ya sa ake kallon tsakiya. Gilashin bututun ma yana ɗumi yana fitar da nasa, amma abin da ke digiri 40 haskensa ya fi yawa ne a wajen nanomita 9000, silikon kuwa bai san da shi ba. Wannan makantar tasa alheri ce gare mu. Saboda wannan dalili ne ma'aunin zafi mai kama da bindiga, wanda aka riƙa ɗora mana a goshi lokacin korona, ba zai yi wannan aiki ba: zafin gilashi zai faɗa maka, ba hasken gas ba.

In kana son adadin ya zama wat: a ce ka sami bolt 0.3 da mega'om ɗaya, wato mikro'ampiya 0.3. Fotodiyod irin wannan na ba da kusan ampiya 0.6 a kowane wat a tsakanin 850 da 900. Raba, ka sami mikrowat 0.5 a kan fuskarsa, wato wajen mikrowat 6.7 a kowane santimita murabba'i. Ka ɗauke shi a matsayin kintace, domin matata ta ci nata kaso, kuma bayan 1000 silikon yana saurin kurumcewa, layin zaiba na 1014 zai fito ƙarami fiye da yadda yake. Kwatanta awo da awo a na'ura ɗaya shi ne abin da wannan haɗi ya iya da kyau.

Mataki na shida: saurari bugun zuciyarta

Wutar gidajenmu bolt 220 ce mai juyawa sau 50 a daƙiƙa. Fitila mai tsohon balas tana kamawa ta mutu sau biyu a kowane juyi, wato sau 100. Rana ba ta yin haka. Wannan shi ne hatimin da zai nuna maka hasken na fitilarka ne. Ɗauki siginar ƙafa ta 1, ka bi da ita ta kondansatar mai mikrofarad ɗaya, ka rage ta da rezistans biyu, kilo'om 10 a jere da kilo'om ɗaya zuwa mas, ka shigar ta ramin makirfo na kwamfuta. Kwamfutar ta kasance a kan batirinta, a cire caja. Naɗi daƙiƙa goma da Audacity, shirin kwamfuta na naɗar sauti wanda kyauta ne, ka sa ya zana maka yadda sautin ya rarrabu. Tsini a 100 da ɗan'uwansa a 200, wanda ke ɓacewa in ka kara ƙarfe, haske ne. Tsini a 50 da 150 wanda bai damu da ƙarfen ba, raɗar waya ce. In da gurup kake aiki tsinin zai ɗan kauce daga 100 yana yawo da numfashin injin, kuma wannan ba laifin na'urarka ba ne. Fitila mai balas na zamani tana ƙiftawa sau dubbai goma-goma a daƙiƙa, sama da inda kunnen kwamfuta ke kaiwa, kusa da inda tele ke saurare.

Kowane awo ka rubuta bolt ɗin da ke priz a lokacin. Wutar magariba da ta tsakar dare ba ɗaya ba ce, fitila kuma tana bin ta.

Mataki na bakwai: gwajin da ya fi daɗi, kuma hunturu ne lokacinsa

Bar fitila a kashe dare guda a ɗaki mai sanyi. Da asuba, kafin gari ya waye, ɗauki sifirinka, ka kunna, ka riƙa rubuta mita duk daƙiƙa goma har minti goma. Mutum biyu ya fi, ɗaya da agogo ɗaya da biro. Za ka ga hasken bayan ja ya fara da ƙarfi yana sauka, alhali farin hasken da ido ke gani yana ƙaruwa.

Dalilin yana cikin ɗigon zaiban nan. Da sanyi mafi yawansa yana kwance a jikin gilashi, tururinsa kaɗan ne, sai elektaron ya yi ta gudu har ya tara ƙarfin da zai ta da argon, wanda ke bukatar sama da elektaron-bolt 11.5 (ma'aunin ƙarfin elektaron ke nan). Da bututu ya yi ɗumi sai zaiba ta tashi ta cika wuri, ita kuwa 4.9 ya ishe ta. Kamar kasuwa ce: mai kuɗi kaɗan in ya tarar da mai arha a bakin ƙofa, ba zai ƙarasa wurin mai tsada ba. Zaiba ta kwashe ciniki, ta fitar da haskenta na 254 wanda farin gari ke mayarwa fari, argon ya yi shiru, telekomand ta sami bakin magana. An ƙera waɗannan fitilu su fi kyau in wurin da ya fi sanyi a jikinsu yana kusan digiri 40. A watan Afrilu ko Mayu ɗakinka ma kan kusa haka tun ba a kunna ba, sai gwajin ya fito a daddafe. A Disamba da Janairu, da asubar da kan sauko digiri 15 ko ƙasa, shi ne zai fito sarai. In ka matsu a bazara, jiƙa tsumma da ruwan randa ka naɗe wani ɓangare na gilashin nesa da bakuna biyu, fitila a cire daga wuta, ka bar shi ya yi sanyi, ka cire ka goge ya bushe sarai kafin ka kunna.

Mataki na takwas: raba layukan ɗaya-ɗaya

Fotodiyod jimla yake ba ka. In kana son ka ga 763 daban, 811 daban, sai an baje hasken. Nemi tsohuwar kyamarar kwamfuta, ka kwance ruwan tabaranta, za ka ga wani ɗan gilashi mai sheƙin ja da kore a bayansa ko a kan idon. Shi ne ke tare hasken bayan ja. Cire shi da bakin allura a hankali, ka mayar da ruwan tabarau. Daga nan in ka danna mata telekomand za ta ga kamar tocila.

Abin baje haske kuwa faifan CD ne, ba DVD ba, ko da wani ya ce maka DVD ya fi. Ga hasken da ido ke gani ya fi ɗin. Amma tazarar layukan DVD nanomita 740 ce, kuma hasken da ya faɗo masa a miƙe in tsawon igiyarsa ya wuce wannan tazara ba ya karkatowa sam. Ta CD 1600 ce, ta ɗauki duk abin da silikon ke gani. Yanki guntu daga gefen CD irin wanda ake naɗa a kai, ka liƙa sikoc a bayan ka fizge fatar azurfar, ya rage roba garau. A gaban kwali mai tsawon kamu ɗaya da rabi ka yi siririyar tsaga da reza biyu, faɗinta kamar kaurin takarda biyu. A ɗaya bakin ka kafa guntun CD, layukansa a tsaye daidai da tsagar, kyamara a bayansa tana kallon gefe da kusan digiri 30. Lissafi ya nuna koren zaiba na 546 zai fito a digiri 20, argon na 763 a 28.5, na 811 a 30.5, na 912 kusa da 35, zaiba na 1014 a 39. Sake murɗa ruwan tabarau har layukan su yi siriri, domin inda yake tattara hasken bayan ja ya ɗan bambanta da na fari. Hana kyamara daidaita haske da kanta, in ba haka ba kowane hoto da ma'auninsa. Shirye-shiryen kwamfuta irin su Theremino Spectrometer ko ImageJ za su mai da hoton zane mai tsini-tsini.

Daidaita ma'auni ba tare da matata ba tukuna, da shuɗin zaiba na 436 da koren 546. Sannan ka sa matata a gaban tsaga, kuma wannan wajibi ne. CD yana maimaita kowane layi a zagaye na biyu, a wurin da ninkinsa zai faɗo. Zaiba na da layi a 404.7, ninka shi biyu, 809.4. Argon yana 811.5. Kyamarar kwali ba za ta raba su ba. Mutum zai ga tsini mai kyau a wurin, ya ɗauki hoto ya aika wa abokai a WhatsApp cewa ya kama argon, alhali shuɗin zaiba ne ya dawo ta bayan gida. Na 436 ma yana dawowa a 872, tsakiyar layukan neyon. Layin da ya ɓace da aka sa matata baƙo ne, wanda ya tsaya shi ne ɗan gida. Kuma ɗan gidan na argon zai yi ta dusashewa yayin da fitila ke ɗumi, shaida ta biyu ke nan.

Inda silikon ya tsaya

Da bututun Geissler na heliyom za ka so ka ga layinsa na 1083, mai ƙarfi ne, amma yana bakin iyakar silikon, da ƙyar zai leƙo. Na haidurojin ya fi ban haushi. Layukan da Friedrich Paschen ya auna a 1908, waɗanda ke cikin littafin ƴan tarminal, suna 1875 da 1282, ƙannensu kuma 1094 da 1005. Manyan biyun sun fi ƙarfin BPW34 gaba ɗaya. Na 1282 yana bukatar fotodiyod na InGaAs, wanda aka yi da wani sinadari ba silikon ba, mai gani daga 900 zuwa 1700, wanda sai an yi odarsa daga waje kuma kuɗinsa ya ninka na silikon sau da yawa. Haɗin TL072 ɗin nan zai karɓe shi yadda yake, ƙafa biyu ne shi ma. Na 1875 ya wuce har wannan, ga shi kuma ya faɗo inda tururin ruwa ke shanye haske, don haka wanda ya sami na'urarsa ya jira busasshiyar iskar Fabrairu, ya kuma matso da ita daf da bututu.